Baƙaƙen kaya, jika 15, da hankalin Inna

Wata ɗaliba ce ta rubuto mini daga Bukoki, nan Yamai. Ga abin da ta ce, na taƙaita:

"Tanti, shekaruna 20, ina karatu a jami'ar Abdou Moumouni. Ni da ƙawayena muna son kosfile, wato mutum ya ɗinka kaya irin na jaruman zanen Japan ya saka a ɗauki hoto. Ni salon baƙaƙen kaya nake so, irin wanda ake kira gotik. Mun sa rana ƙarshen Disamba. Abin da na tara jika 15 ne kacal, wato sefa dubu 15, kayan da nake gani a intanet kuwa kuɗin aiko su kaɗai ya fi haka. Na kai wa wani tela hoto, ya yi dariya ya ce in je in dawo. Abin da ya fi damuna shi ne Inna ta ga hotunan a wayata, da ƙoƙon kan mutum da ƙaho da baƙin jan-baki, ta ce wannan shigar matsafa ce, tun ranar ba ta sake mini fuska ba. Ina tunanin in ɗinka a ɗakin ƙawata ba da saninta ba. Me kika gani?"

Ƴata, na karanta takardarki sau biyu, kuma zan fara da inda kika ƙare. Kada ki ɗinka a ɓoye. Hoto za ku ɗauka, hoto kuwa ba ya zama inda aka ajiye shi. Daga wayar ƙawa zai shiga wayar ƴar'uwarta, kafin sati ya zagayo wata maƙwabciya ta miƙa wa Inna shi a gidan suna, a gaban mutane. Ranar nan ba maganar baƙin yadi za a yi ba, maganar amana za a yi, ita kuwa ta fi wuyar ɗinkewa. Kayan nan a tsakar gidanku za a yi su, a kan tabarma, Inna tana gani. Kuma za ki ga cewa hanyar da za ta sa su yi miki araha ita ce dai hanyar da za ta kwantar mata da hankali.

Ki fahimci abin da Inna ta gani. Ke kin ga zane da ado. Ita ta tashi a ƙasar da baƙin ƙyalle da jan ƙyalle da ƙaho suke da ma'ana, inda aka san wane iska ke son wane launi a wurin masu bori, inda ba a rataya abu a wuya haka kawai. Ba jahilci ne ya sa ta tsorata ba, karatun da ta yi wa hoton ne da haruffan da ta sani. Salon gotik ɗin nan a Ingila ya fito, ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, cikin matasa masu son wani irin kiɗa, kuma sun ari abubuwa da yawa daga kayan makokin kakanninsu. Sarauniyarsu Biktoriya ta shiga baƙaƙen kaya da mijinta ya rasu a 1861, ba ta fita daga cikinsu ba har ta mutu a 1901. A can baƙi launin makoki ne. Mu likkafaninmu fari ne, baƙar abaya kuwa kayan zuwa kasuwa ce. Kin ga ashe ba launin ne ya tayar mata da hankali ba, tunda ita ma tana da baƙar abaya a akwati. Alamomin ne.

To ga shawarata a kan alamomin, kuma da gaske nake: duk abin da ba za ki iya zama gaban Inna ki faɗi ma'anarsa ba tare da kin sunkuyar da kai ba, ki cire shi. Ƙoƙon kai, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, gicciye a juye, ƙaho. Hukuncinsu a addini ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ni ba gurbina ba ne. Abin da na sani a matsayin wadda ta daɗe da allura shi ne, ba su ke sa kaya su yi kwarjini ba. Ki sake duba hotunan nan da kyau, ki rufe alamomin da yatsa. Abin da ya rage, wanda ya kama miki zuciya tun farko, shi ne tsayin riga, da faɗin hannu, da wuya mai tsayi, da yadi a kan yadi, da baƙi mai sheƙi kusa da baƙi marar sheƙi, da ɗan ƙyallin ƙarfe nan da can. Duk wannan ana samunsa tsakanin kasuwar Katako da Babbar Kasuwa.

Kuma ki gaya wa Inna cewa shigar kwaikwayo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita kanta ta ga yara a watan azumi sun manna gemun auduga suna tashe. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke yin shigar sarki da gwamna da dogarai, da kayan da aka haɗa da karan hatsi. Kalmar kosfile ce kawai sabuwa, Japanawa suka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1980. Tun 1966 Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tawa, ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. A fim ɗin abin bai ƙare lafiya ba, domin samarin ba su tsaya ga hula da takalmi ba, sun ɗauki halin suka dami gari. Wannan shi ne tsoron kowace uwa, cewa tufa za ta ja hali. Ba da baki za ki kawar mata da shi ba, sai ta ga kin idar da sallarki, kin gama aikin gida, kin zauna kina ɗinki, ke ce dai ƴarta ta jiya.

Mu koma kan kuɗi. Jika 15 za su isa idan kika daina tunanin sayen kaya kika koma tunanin haɗa su. Waɗancan matasan Ingila da suka fara salon ma daga gwanjo suka fara, da almakashi da rini.

Kafin ki kashe ko dala, ki ɗauki takarda ki zana abin da kike so, gaba da baya, ko zanen bai yi kyau ba. Ki zaɓi abu ɗaya da ido zai fara sauka a kansa: ko kafaɗa, ko ɗamara mai faɗi, ko doguwar alkyabba. Nan za ki zuba ƙarfinki da rabin kuɗinki. Masu fara wannan aiki sukan so kowane saƙo na riga ya yi magana, sai kuɗi ya ƙare rigar ta fito kamar rumfar ɗan koli. Sannan ki buɗe akwatinki da na Inna, da izininta. Tsohuwar abaya da ta koɗe ita ce gindin kayanki, kin huta da sayen yadi mita huɗu. Kada ki damu da gashin kanti. A Malesiya da Indonesiya ƴan mata masu hijabi sun daɗe suna kosfile, suna naɗa hijabin ya ba da siffar gashin jarumar. Naki ma ya fi sauƙi: baƙin hijabi, a kansa hular alkyabba mai zurfi ko mayafin leshi da ya sauko goshi.

Wajen ƴan gwanjo ki yi sammako, ki tambayi ranar da suke fasa dila, ki je da kanki, zuwa da kai ya fi aike. Kada ki duba ko riga ta yi miki daidai, yadinta kike saye. Babban siket mai tattara zai ba ki hannayen riga biyu masu faɗi. Tsohon labulen leshi zai ba ki mayafi da bakin hannu. Kwat ɗin maza ana cire masa hannu a rage tsayinsa ya zama ƴar shara mai kyau. Tsofaffin bel da jakunkunan mata da suka mutu, ki saye su don ƙarafunansu da zobbansu.

Ga wani abu da nake so ki riƙe, don na ga ya cinye kuɗin mutane da yawa. Ba kowane yadi ke shan rini ba. Auduga na sha, roba ba ta sha. Wata shekara na rina wani farin leshi da niyyar ya yi baƙi ƙirin, na kwana ina murna, da safe na ɗauraye shi ya fito kalar toka mai dabbare-dabbare, don zarensa na roba ne. Tun daga nan ba na rina komai sai na gwada. Ki zare ɗan zare daga cikin kalmasa, ki riƙe shi da almakashi, ki kusantar da ashana. In ya ci da wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya nannaɗe ya narke ya bar ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙwayar barkono, roba ce, sai dai ki saye shi baƙi tun asali.

Wanda yake auduga kuma, kina da hanya biyu. In baƙi wuluk kike so, ki tara su duka ki kai wa masu rini su tsoma miki da galura lokaci guda. Kada ki haɗa wannan rinin da kanki a ɗaki, akwai soda a cikinsa mai cin hannu da ido. In kuwa kina son baƙi mai hayaƙi-hayaƙi, irin na tsohon kaya da ya sha duniya, wanda a ganina ya fi dacewa da salon nan, maganin yana wurin masu sayar da bagaruwa. Ki zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa cikin gwangwani da ruwa da ɗan ruwan lemun tsami, ki rufe ki manta da shi sati ɗaya ko biyu. Ki daka bagaruwa ki tafasa a tukunyar da ba ta abinci ba, ki tace, ki jiƙa yadin a ciki ya kwana, zai fito ruwan ƙasa. Ki matse, ki tsoma shi cikin ruwan tsatsar da kika tace kika sirka. A gaban idonki zai juya, daga ruwan ƙasa zuwa toka, daga toka zuwa kalar gawayi. Ki ɗauraye sosai, in bai kai yadda kike so ba ki sake zagayen. Kada ki bar shi ya daɗe cikin ruwan tsatsa, ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ita ce hikimar da ke cikin kulokon dukawa: fatar da aka jeme da bagaruwa, da zarar ruwan ƙarfe ya taɓa ta sai ta yi baƙi. Na taɓa zama kusa da wani baduku a Tawa yana zane a kan jar fata, yana tsoma ɗan tsinken ƙarfe cikin ƙoƙo, ruwan kamar ba shi da launi, amma kafin ya ɗaga hannu layin ya fito baƙi sidik. Ki kira Inna ta ga lokacin da yadinki ke juyawa. Ina kyautata zaton za ta ba ki labarin wata kakarki da ta iya rini, daga nan hira ta buɗe.

Tun da muna maganar rini, ki tuna cewa baƙin da ya fi kowane kwarjini a ƙasar nan ba daga Turai ya zo ba. Turkuɗi ne, wanda ake rinawa da baba a Kura ta ƙasar Kano, a buga shi har ya riƙa ƙyalli kamar fiffiken hankaka, Abzinawa su naɗa shi har ya bar musu shuni a fuska. Na gaske ya fi ƙarfin aljihunki, amma ki je ki kalle shi, ki ga yadda baƙi ke ɗauke da shuɗi a cikinsa. Ki shiga gidan tarihi na Boubou Hama ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ki tsaya kan maƙeran azurfa da dukawa, ki kalli tuntaye da zanen jakar raƙumi. Alphadi, maɗinkin nan na Nijar da ya kafa FIMA, bikin nuna tufafin Afirka, a 1998, a hamada kusa da Agadas, da irin waɗannan abubuwan ya tsaya gaban manyan maɗinkan duniya. Idan kayanki suka ɗauko siffa daga zanen Japan, ado kuma daga Abzin da Adar, babu wadda za ta zo da irinsu ranar, kuma babu wanda zai ce kin kwafo.

Sulke da kafaɗu da abin damtse su ne suke tsada a intanet, su ne kuma suka fi araha a nan. Ke da kike Bukoki, Katako na bakin ƙofarki, kasuwar da ake narka tsohon gwangwani ya zama tukunya. Robar cikin taya, in aka wanke ta da omo sau biyu aka shanya a inuwa, a hoto ba a bambanta ta da baƙar fata. Tana yankuwa da almakashi, ba ta zarewa, ta yi ɗamara, ta yi igiyoyi. Sai dai kada ta zauna kan fatarki kai tsaye, ki yi mata shafi da ƙyalle, don tana riƙe zufa kuma takan sa wasu ƙaiƙayi. Wurin masu haɗa takalma ki nemi faifan robar nan mai laushi da suke yanka ƙasan silifa da ita. Irinta ce masu kosfile na ƙasashen waje ke yin sulke da ita, kuma ragowar da suka yanke ma ta ishe ki. Ki fara fitar da siffar a takardar buhun siminti, ki gwada a jikinki, ki gyara, sannan ki ɗora kan robar ki yanka da sabuwar reza. In kika ɗumama ta sama-sama daga nesa da garwashi, a fili inda iska ke kaɗawa, za ta yi laushi. Ki lanƙwasa ta a kan gwiwarki ko bayan ƙwarya ki riƙe har ta huce, za ta zauna a haka. Gam ɗin masu takalma ake manna ta da shi: a shafa ɓangare biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Warinsa na hawa kai kuma yana kama wuta, don haka ranar gam daban, ranar garwashi daban, kuma ba a cikin ɗaki ba.

Fenti kuwa ga sirrinsa. Ki fara shafe robar da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, sau biyu ko uku, kowanne ya bushe, in ba haka ba za ta shanye fentin. Ki bi da baƙi ko'ina. Bayan ya bushe ki taɓa bakin buroshi cikin fenti ruwan azurfa, ki goge shi a kwali har ya zama kamar babu komai, sannan ki riƙa shafar gefuna da tudu-tudun kawai. Abin da zai fito zai yi kama da ƙarfen da ya shekara ɗari. Ƙaramin gwangwani ɗaya na ruwan azurfa zai ishe ku ke da ƙawayenki duka, ku haɗa kuɗi ku saya. Tsohuwar sarƙar keke da aka wanke da buroshin haƙori, da zobban labule, da washar ƙusa, ƴan faifan ƙarfen nan masu huda a tsakiya, su ne kayan ƙyalli. Ramukan igiya irin na takalmi, mai gyaran takalma zai buga miki su cikin minti kaɗan.

Telan da ya yi miki dariya, ki ƙyale shi. Amma ki sani hoton da kika nuna masa ya haɗa aikin mutum huɗu, shi kuwa ɗinki kaɗai ya sani. Ki je wurin wani, ko wata mai keke a cikin unguwa, da yadinki a yanke, ki ce a haɗa miki wannan hannu da wannan riga, a yi miki tattara a nan, a sa zif a can. Aiki ne na sa'a ɗaya, kuɗinsa kaɗan. Ki kai da wuri, kada ki bari sai ana saura kwana uku. Sauran, wato leshi da igiyoyi da ƙarafa, ɗinkin hannu ne, da dare bayan isha'i. In Inna ta iya kalmasa, ki roƙe ta ta nuna miki ko da kin iya.

In da ni ce, jika 6 za su tafi gwanjo, 3 wurin tela, 3 Katako da gam da fenti, 1 rini, in ɓoye 2 ban taɓa ba sai satin ƙarshe, don kullum akwai abin da ke ɓallewa a satin ƙarshe.

Fuska kuma, a nan zan ɗan ɗaure miki. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo, wani jikin kuma daga ranar ya ƙi rinin gashi har abada. Jan lalle na ganye in ya kwana ya nuna sosai, duhunsa ya isa. Kwallin dutse na gargajiya sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ki nemi fensirin ido na kanti. Gilashin nan masu launi da ake liƙawa a ƙwayar ido, waɗanda ake sayarwa ba tare da likita ba, kada ki kusance su, ido ba shi da gwanjo. Baƙin jan-baki kuwa, tunda yana cikin abin da ya tsaya wa Inna a rai, ki sauko zuwa ja mai duhu irin na zoɓo da ya jiƙu. A hoto bambancin kaɗan ne, a gida kuwa babba ne.

Kun yi dabara da kuka sa Disamba. Baƙin yadi hawa uku da roba a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, zai iya kayar da mutum. Ko a ɗarin ma ku ɗauki hoto da safe ko bayan la'asar, ku ajiye ruwa kusa. Kuma ki saurare ni da kyau a nan: halin tsaron da ƙasa ke ciki bai bar wurin wasa da wasu abubuwa ba. Kada ki hau titi da fuska a rufe, kada ki riƙe takobi ko bindigar wasa ko da ta kwali ce, kada ki sa wani abu mai kama da kakin soja. Ki zuba kayan a jaka, ki haye gada da shigarki ta kullum, ki canza a gidan da za ku taru. Gidan ma ya kasance wanda Inna ta san masu shi, ta san lokacin da za ki dawo. Ku yi alkawari tsakaninku cewa babu mai sa hoton wata a Facebook ko TikTok sai da yardarta.

Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki ɗauki zanenki na takarda, ba wayar ba, ki zauna kusa da ita. Ki ce, "Inna, na cire abubuwan da ba ki so. Ga abin da ya rage. Ki duba mini, ko tsohuwar abayarki za ta yi wannan?" In ta yi shiru kada ki matsa, ki bar takardar a kan tabarma ki tashi. In ta ce hannun ya cika faɗi, ki rage shi yadda ta ce. In kuwa bayan kwana biyu ta ce sam ba ta yarda ba, kada ki sayi komai tukuna, ki sake rubuto mini ki faɗa mini kalmomin da ta yi amfani da su daidai, da kuma wace ce a cikin ƙannenta ko ƙawayenta take jin maganarta.